Walkin Kaboyi: Yadda Dukawan Yammacin Amurka Ke Ɗinka Wa Mahaya Garkuwar Ƙafa

Duk wanda ya taɓa shiga gidan silima a Kano, ko Kaduna, ko Jos, ko Legas a zamanin da finafinan kaboyi suke tashe, ya san kamannin jarumin cikinsu: malafa mai faɗin baki, ƙyalle a wuya, bindiga a kwankwaso, da wani abu na fata mai geza wanda yake ɗorawa bisa wandonsa tun daga ƙugu har idon sawu. Masu kallo da yawa sun ɗauka wannan abu na fata ado ne kurum irin na 'yan wasa. Alhali kuwa tun kafin a ƙago silima makiyayan shanu na Meksiko da na yammacin Amurka suke ɗaura shi, kuma har gobe suna ɗaurawa, domin shi ne shamaki tsakanin naman ƙafarsu da ƙaya, da igiya, da sanyi, da kofaton maraƙi.

Su Amurkawa suna ce da shi shafs. A Hausa kuwa babu abin da ya fi kusa da shi kamar walki, irin wanda maƙeri ko mafarauci yake ɗaurawa, sai dai shi wannan ƙafa biyu gare shi, ba shi da mazaunai, ba shi da hantsa, ɗamara ce kaɗai take haɗa ƙafafun a ƙugu. Ɗinka shi da hannu sana'a ce mai zaman kanta, kuma gwanintar mai yin ta tana ga sanin inda fata za ta yi ƙarfi, da inda tilas ne a bar ta da rauni, domin ran mahayi yana rataye da duka biyun.

Inda Abin Ya Samo Asali

Kafin zuwan mutanen Sifen, mazauna ƙasar Meksiko ba su san doki ba, ba su kuma san saniyar gida ba. A shekarar 1519 ne Hernán Cortés ya sauka gaɓar ƙasar da dawaki 16, shanu kuma suka biyo baya cikin 'yan shekaru kaɗan. Dabbobin nan suka sami makiyaya mai yalwa, suka hayayyafa har suka fi ƙarfin mai kiwo da ƙafa, sai aka koma kiwon su a kan doki. Irin wannan makiyayi shi ake kira vaquero da Sifaniyanci, watau mai shanu, kuma daga gare shi kaboyin Amurka ya gaji sirdinsa, da igiyarsa, da yawancin kalmomin sana'arsa.

Dajin arewacin Meksiko sarƙaƙiya ce mai ƙaya, kuma saniyar da ta ga ana bin ta can take kutsawa. Dabarar farko da makiyayan suka yi ita ce rataya manyan ƙiraga biyu a gaban sirdi, ɗaya dama ɗaya hagu, mahayi ya ja su ya lulluɓe ƙafafunsa, har su kare ƙirjin dokin ma. Wannan suka kira armas, watau kayan yaƙi. Amma da zarar mutum ya sauka, kariyarsa ta zauna a kan sirdi ke nan. Saboda haka aka rage girman fatar, aka ɗaura ta a ƙugun mahayin kansa, aka kira ta armitas. Daga baya aka tsawaita ta har ƙasa, aka ba ta suna chaparreras, daga chaparro, sunan wani gajeren itace da ke cushe dajin. Wannan doguwar kalma ce Amurkawa suka gutsure.

Bayan an gama yaƙin basasar Amurka a 1865, jihar Teksas ta wayi gari cike da shanu masu dogon ƙaho waɗanda ba su da kasuwa a gida. Daga 1867 aka fara kora su zuwa tashar jirgin ƙasa ta Abilene a jihar Kansas, tafiyar wata biyu zuwa uku, kuma cikin kimanin shekara 20 miliyoyin shanu suka bi irin waɗannan hanyoyi. Masu korar sun haɗa da farar fata, da 'yan Meksiko, da baƙar fata waɗanda ba su daɗe da fita ƙangin bauta ba. Dukansu sun tarar wandon yadi ba ya kwana biyu a dajin kudancin Teksas, don haka walkin fata ya zama kayan aiki na tilas, masu ɗinkin sirdi na garuruwan kiwo kuma suka ɗauki ɗinkinsa.

Kowane Yanki Da Irin Nasa

Kowane tsuntsu kukan gidansu yake yi, haka kuma kowane yanki ya fitar da walkin da ya dace da yanayinsa. Manyan iri huɗu ne.

Na farko shi ne wanda suke kwatantawa da bindiga mai baki biyu, saboda ƙafafunsa miƙaƙƙu ne, matsattsu. Shi ne ya yi tashe a Teksas wajen shekarun 1870. Yana riƙe ɗumi, ba ya kuma kama reshe, amma na dā sai an zura ƙafa ta sama kamar wando, abin da ke da wuya ga mai sanye da takalmi da ƙaimi. Na zamanin yanzu ana sa masa zif tun daga cinya har ƙasa.

Na biyu sunansa fiffiken jemage, saboda faɗinsa. Ana zagaya shi a cinya a maƙale da 'yan ƙugiyoyi biyu ko uku, daga gwiwa zuwa ƙasa kuma a sake yake. Iska tana shiga, mutum kuma yana iya ɗaurawa ko kwancewa ba tare da ya cire ƙaimi ba.

Na uku shi ne mai gashi, dangin buzu, wanda makiyayan jihohin sanyi kamar Montana da Wayomin suka runguma tun ƙarshen ƙarni na 19. Galibi da fatar akuyar Angora ake yin gabansa. Ita wannan akuya asalinta ƙasar Turkiyya ce, daga birnin Ankara ta sami sunanta, kuma a 1849 aka fara kai ta Amurka. Mai gashi maganin ƙanƙara da iskar hunturu ne, sai dai in ruwa ya jiƙa shi yakan yi nauyi, ya kuma yi ƙarni.

Na huɗu shi ne guntu, wanda suke kira cinks, jikan armitas ɗin nan na dā. Yana wuce gwiwa da kamar inci biyu zuwa huɗu, sa'an nan doguwar geza ta ƙarasa. Makiyayan Kalifoniya, da Nebada, da Oregon sun fi son sa, musamman lokacin zafi da ranar yi wa maruƙa tambarin wuta, sa'ad da mutum yake yini yana hawa yana sauka yana durƙuso.

Saboda haka tambayar farko da baduku yake yi wa mai saye ita ce: a ina kake aiki, kuma wane irin aiki? Amsar ita ke nuna irin da za a ɗinka da fatar da za a nema.

Zaɓen Fata

Fata iri biyu ake haɗawa a walki guda, kuma bambancinsu daga majema yake. Akwai jimar itace, wadda ake yi da ɓawon itatuwa da makamantansu, kamar yadda majeman ƙasar Hausa suke yi da bagaruwa. Wannan tana ɗaukar makonni, fatar kuma takan fito da tauri, in an jiƙa ta ta karɓi zane ta riƙe shi. Akwai kuma jimar gishirin kurom, wadda wani mai suna Augustus Schultz ya yi wa rajista a Amurka a 1884. Ita cikin kwana ɗaya ko biyu ake gamawa, fatar ta fito da laushi, tana bin jiki, ba ta kuma ƙandarewa in ruwa ya taɓa ta. Da mai laushin ake yin ƙafafun walki, sau da yawa bayan an shayar da ita mai, da mai taurin kuma ake yin ɗamara da allunan da ke bisa kwatangwalo.

Dukawan Amurka da oza suke faɗin kaurin fata, kowace oza ɗaya tana daidai da kashi ɗaya cikin 64 na inci. Walkin aiki yakan so fata mai oza 4 zuwa 6, watau wajen milimita 2. In ta fi haka kauri ta gajiyar da mahayi, in ta gaza ƙaya ta huda ta. Walkin nuni, wanda ake sawa a gasar nuna dawaki, ya fi wannan sirantaka, kuma galibi ɓangaren fatar mai taushi kamar karan-miski ake fitarwa waje.

Majema suna sayar da ƙirgi ne a tsage biyu ta gadon baya, kuma dogon walki guda yakan cinye kusan tsagi ɗaya. Baduku zai shimfiɗa shi a tebur, ya shafa da tafin hannu, ya ja nan ya ja can. Abin da yake nema shi ne tabon tambarin wuta, da kurjin waya mai ƙaya, da cizon kaska, da wurin da wuƙar mai fiɗa ta zarce. Ya kuma san fatar gadon baya ta fi ƙarfi, ta ciki kuwa saki gare ta, tana miƙewa. In ya yanko ƙafa ɗaya daga baya, ɗaya daga ciki, to bayan 'yan watanni ɗaya za ta fi ɗaya tsawo.

Awo Da Yanka

Mai saye yakan zo sanye da wandon da yake aiki da shi da takalmin hawansa, tun da a kansu za a ɗora walkin. A auna kaurin cinya daga sama, da tsakiyarta, da gwiwa, da sharaɓa, sa'an nan tsawo ta waje daga ƙugu, da ta ciki daga hantsa. Wanda yake nesa sai ya aiko da awonsa ta gidan waya ko ta intanet. Gwani ba ya tsayawa ga awon mutum a tsaye, domin da ya hau ya sa ƙafa a likkafa gwiwa za ta lanƙwashe, walkin ya ɗage. Don haka ake ƙara tsawo, har ma walkin nuni yakan ja ƙasa in mai shi yana tafiya, amma in ya hau sai ya sauka daidai dunduniyar takalmi.

Daga awon nan ake fitar da fasali a takarda mai kauri, a ɗora bisa fata a zana. In an gama ƙafar dama tilas a kifa takardar kafin a zana ta hagu, in ba haka ba a tashi da ƙafafun dama biyu, fata mai tsada ta salwanta. Wuƙar yankan kanta kamar rabin wata take, tura ta ake yi gaba, kuma kullum ana wasa ta, domin dakusasshiyar wuƙa jan fata take yi, ta karkatar da layi. Yankan fata ba ya karɓar gyara, wannan ya sa dukawa suke daɗewa a kan awo kafin su ɗauki wuƙa.

Geza ma da wuƙa ake tsaga ta, siriri siriri, kowane sili daidai da ɗan'uwansa. Wasu a jikin ƙafar walkin suke tsaga ta, wasu su yanka dabam su ɗinka. Akwai masu jiƙa ta su murɗe kowane sili ya bushe a haka. Masu sana'ar suna cewa ban da kyau geza tana taimakawa ruwan sama ya tsiyaye, maimakon ya kwanta a bakin ɗinki.

Zane Da Ɗinki

A kan ɗamara da allunan kwatangwalo baduku yake nuna hannunsa. Zai jiƙa fatar, ya jira har ta fara komawa launinta amma da sauran sanyi a jikinta. Ya ɗora ta bisa falalen dutse, ya bi zanen da wata 'yar wuƙa mai juyawa tsakanin yatsu, kana ya ɗauki ƙananan ƙarafan buga zane da 'yar guduma, yana danna wani wuri yana tayar da wani, har fure da ganye su fito kamar a taɓa. In fatar ta cika jiƙa zanen ya cushe, in ta bushe ya ƙi shiga.

Masana suna danganta wannan zanen furanni da aikin fatar ƙasar Sifen, wanda ya bunƙasa a birnin Ƙurɗuba zamanin Musulmin Andalus. Har wata irin fata mai ado da ake yi a can sunanta guadamecí, daga sunan Gadamas, garin nan na Libiya wanda fatakensa suka daɗe suna ciniki da Kano ta hamada. Daga Sifen salon ya haye zuwa Meksiko, daga nan ya shiga Amurka, inda kowane yanki ya sake masa kama. Wanda ya fi shahara a yau shi ne salon Sheridan, wani gari a Wayomin, mai furanni cikin da'ira da rassa masu zagaye juna a matse. Sunan marigayi Don King, mai ɗinkin sirdi na garin wanda ya rasu a 2007, shi ya fi fitowa in ana zancen wannan salo.

Wajen haɗawa, yawancin dukawan yau da babban keken ɗinki suke bin dogayen layuka, amma wuraren da ke shan ja, kamar inda ɗamara ta haɗu da ƙafa da inda maɗauran cinya suke, ana ninka fata a ƙarfafa da ƙusa mai kai biyu, ko tsirkiyar fata, ko ɗinkin hannu. Ɗinkin hannun da allura biyu ake yi da zare mai kakin zuma: a huda da basilla, allura ɗaya ta shiga ta nan, ɗaya ta can, cikin rami guda. Amfaninsa shi ne ko zare ɗaya ya tsinke ɗayan yana riƙe, alhali ɗinkin keke in ya tsinke wuri ɗaya yana iya warwarewa. Waɗansu ƙananan faya-fayan azurfa ko na tagulla da ake gani jere a gefe su ma aiki suke yi, su ke hana tsirkiya yaga fatar da ta ratsa.

Igiyar Da Ake So Ta Tsinke

Duk wannan ƙarfafawa da aka lissafa, akwai wuri guda da baduku na ƙwarai yake bari da rauni da gangan, watau gaban ɗamara, ƙasan cibiya. Sirdin kaboyi yana da wani ƙaho a gaba, inda ake naɗe igiya in an zarge saniya. In doki ya yi tutsu ya wurga mahayi gaba, ɗamarar walki tana iya faɗawa kan wannan ƙaho ta sarƙe. Mutum ya rasa hawa ya rasa sauka, doki yana ta tsalle da shi, ko ya ja shi a ƙasa. Irin wannan haɗari yana karya ƙashi, yana kuma iya kisa.

Maganin da makiyaya suka samo shi ne a haɗa gaban walkin da 'yar siririyar tsirkiya, ko ɗan siririn maɗauri, wanda zai riƙe walki a aikin yau da kullum amma ya tsinke nan take in nauyin mutum ya rataya a kansa. Babban maɗauri mai ƙarfe sai a kai shi baya. Wanda bai san dalili ba, in ya ga walki mai tsada an haɗa gabansa da abin da bai fi igiyar takalmi ba, sai ya ce an yi ha'inci, har ya nemi a sake masa da mai kauri. Baduku mai amana zai zaunar da shi ya yi masa bayani, domin rigakafi ya fi magani. Zaɓen kaurin wannan tsirkiya kuwa babu ma'aunin da ke yin sa sai sabo da sanin aikin mahayi.

Sauran jikin walkin shi ke ɗaukar wahalar yini. In an zarge maraƙi ya fizga, igiya takan goga bisa cinya da zafin da zai sale fatar mutum. In doki ya matse mahayi jikin shinge ko itace, walki ne ke karɓa. Haka nan fata tana kama sirdi fiye da yadi, zaman mahayi ya ƙara tabbata.

Daga Daji Zuwa Dandali

Tun daga 1883, sa'ad da Buffalo Bill Cody ya fara yawo da wasansa na nuna rayuwar yammacin Amurka, walki ya sami kasuwa ta biyu, watau ta 'yan kallo. Bukukuwan gasar makiyaya da ake kira rodiyo suka biyo baya: na Cheyenne a 1897, na Pendleton a 1910, na Calgary ta ƙasar Kanada a 1912. Mai hawan bijimi ko doki mai tutsu daƙiƙa 8 ake so ya yi a bisa, kuma yakan ɗaura fiffiken jemage mai launi ja, ko shuɗi, ko ruwan zinariya, da geza mai tsawo. Duk sa'ad da ya motsa ƙafa walkin ya yi fiffika, alƙalai da 'yan kallo su ga motsin sosai. Irin wannan ne silima ta ɗauka ta yaɗa a duniya, har aka manta da na aiki, wanda ba shi da launi sai na ƙura da mai.

Halin Da Sana'ar Ke Ciki

A yau kasuwa cike take da walkin masana'anta, wanda ake yankawa da inji bisa awo uku ko huɗu, a sayar da araha. Na hannu kuwa ɗaruruwan daloli ne, wani ma ya haura dubu, kuma mai saye yakan jira makonni ko watanni. Majemun da ke jimar itace a Amurka ma sun ragu ƙwarai. Cikin 'yan kaɗan da suka saura akwai Hermann Oak na birnin St. Louis, wanda aka kafa a 1881, da Wickett & Craig na jihar Pensilbaniya. Tsoron kada ilmin ya bi tsofaffi kabari ya sa a 1998 wasu gwanayen ɗinkin sirdi, da ƙirar linzami da ƙaimi, da aikin azurfa, da saƙar ɗanyar fata suka kafa ƙungiyar Traditional Cowboy Arts Association, wadda take koyar da matasa, take kuma baje kolin aikin 'ya'yanta a gidan tarihin kaboyi da ke birnin Oklahoma.

Duk da haka makiyayin da yake yini a kan doki bai bar zuwa wurin baduku ba, domin ya san araha ba ta ado. Walkin da bai zauna daidai ba yana murɗewa a cinya, ya ci bayan gwiwa, ya hana mutum sakewa. Wanda aka ɗinka don jikinsa kuwa, in yana goge shi, yana shafa masa mai jefi-jefi, ba ya kuma shanya shi kusa da wuta, zai yi shekaru masu yawa yana aiki.

Akwai wata al'ada da dukawan can suka riƙe tun ƙarni na 19, watau buga suna da sunan gari a jikin ɗamara. Har yanzu masu tara kayan tarihi suna neman tsofaffin walka masu tambarin F. A. Meanea na Cheyenne, ko R. T. Frazier na Pueblo, ko Hamley na Pendleton, suna biyan kuɗi mai tsoka a kansu. Amma tun asali ba don masu tara kaya aka buga tambarin ba. An buga shi ne domin in ɗinki ya ɓalle a tsakiyar sarƙaƙiya, ko tsirkiyar gaba ta ƙi tsinkewa ranar da ake bukata, kowa a yankin ya san hannun da ya yi aikin. In kuwa walki ya fitar da mai shi lafiya, nan ma an san wanda za a nema.